Na Ari Kalmomin Jikar Baro

Masu karatu, ku yi min afuwa, na kwana biyu ban leƙo shafin nan ba. Ruwa ya ƙaru a Tagwai, aiki ya yi yawa, kuma ni da yatsa ɗaya nake buga rubutu a waya. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Mudi, masunci ne ni a madatsar ruwa ta Tagwai, nan Minna. A aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Wadda nake so sunanta Khairat, 'yar mutanen Bida ce, tana buga takardu da na'ura a wani shago a Tudun Fulani. Inda muka tsaya, yayanta Zikrullahi ya aiko cewa mahaifiyarsu tana son ganina ranar Asabar bayan la'asar. To na je. Amma kafin in shiga da ku gidan, sai na faɗa muku wani laifi da na yi, wanda ban taɓa faɗa a nan ba.

Karatuna na gaskiya ba a aji na yi shi ba, a cikin kwale-kwale na yi. Ina da shekara goma sha biyar na samu wani littafi a wurin mai hayar littattafai a kasuwa, bangonsa ya yage rabi. Sunansa Jirgin Farko, marubuciyar kuma Jikar Baro. Babu hotonta, babu sunanta na gaskiya. Wata uku na yi ina bin sa da yatsa, idan rana ta take sai in tura kwale-kwale ƙarƙashin inuwa. Labarin wani lebura ne mai shimfiɗa dogo tun daga Baro a zamanin Turawa, da wata yarinya mai kai wa ma'aikata kunun gyaɗa. Ranar da jirgi ya fara isowa Minna ta tsaya a tasha tun safe, leburan bai sauko ba. Sai bayan kwana uku ya iso a ƙasa, ashe ya ba wani mara lafiya wurinsa ne. Na rufe littafin na daɗe ina kallon ruwa.

Daga nan na bi sauran. Munduwar Masaga ya fito a 2003, labarin mai narka kwalba a Bida da ya yi wa 'yar masaƙa koriyar munduwa sau uku tana fashewa, sai a ta huɗu ya gane wutarsa ce take yawa, haka ma zuciyarsa. Akawun Zungeru ya biyo baya, na wani mai rubuta wa mutane wasiƙa da ya kamu da son matar da ke zuwa ya rubuta wa mijinta da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Wannan bai shiga raina sosai ba, zaman ofis ya yi yawa a ciki, amma sau biyu na karanta. Na huɗun shi ne nawa: Ruwan Baro, na 2011, labarin Ndagi masunci da Wusa mai wanki a bakin kogi.

Jikar Baro tana da halinta. Duk littafinta a zamanin da can yake faruwa, kafin a haifi kakana. A shafin farko kullum tana gode wa wani tsoho ko tsohuwa da ta zauna da su ta ji labari. Namijin labarinta dole yana da sana'ar hannu, kuma ba ya furta so sai an wuce shafi ɗari. Ba ta sa mota, ba ta sa mai kuɗi ya zo ya ƙwace yarinya. Abin da ke raba masoyanta nisa ne, da kunya, da damina. Ni dai da na karanta sai in ji an san da irinmu a duniya.

To yanzu ga laifin.

Na fara ganin Khairat ne saboda cajin waya. Kullum ina kai wa Mama Esta kifi, wata 'yar kudancin Kaduna mai suya a gefen shagonsu, sai in miƙa wayata a sa min a wuta kafin in gama. Wata biyar ban ce mata komai ba ban da sannu da aiki. Abin da na iya shi ne duk Juma'a in ware ƙurungu masu kyau guda huɗu, in karya musu ƙaya, in bar wa Mama Esta ta ba ta. Wanda bai san ƙurungu ba, kifi ne mai ƙaya uku, idan ta shige ka sai ka kwana biyu hannu na zugi. Mama Esta ce ta gaji da ni, ta karɓo min lambarta, ta ce idan ban yi magana ba ita za ta je ta yi, kuma ba za ta yi da kyau ba.

Na riƙe lambar nan kwana tara. Duk abin da na rubuta sai in ga kamar lissafin kifi. Ita ta yi kwaleji, ni ko waƙafi ban san inda ake ajiye shi ba. Sai na buɗe Ruwan Baro, shafi na 143, inda Ndagi yake jefa birgi, wato ragar nan mai dalma da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai, yana ce wa Wusa magana. Na kwafe, na canza suna, na mai da kogi dam:

"Khairat, dam ɗin nan ya san nauyin kwale-kwalena, amma bai san nauyin abin da na ɗauko miki a ƙirji ba."

Kafin in gama nannaɗe igiya amsa ta shigo.

"To ka sauke a hankali, kada mu nutse mu biyu."

Abin da Wusa ta ce ke nan, kalma da kalma. Na zauna na yi tunani. Sai na ce wa kaina 'yan kwaleji littattafan Turanci suke karantawa, ina za ta ga wannan? Na yanke cewa alama ce daga Allah, zukatanmu ne suka zo ɗaya. Da na gaya wa Mama Esta, ta dube ni tana juya kifi a mai, ta ce, "Mudi, yarinya nan ya fi ka wayo, ka bi a hankali." Ban ji ba. Saƙo goma sha ɗaya na aika cikin wata biyu, na tsinto daga littattafan nan huɗu. Har na Akawun da ba na so na taɓa.

Inna kuwa, mahaifiyata, tun farko ba ta so. Ta ce ga 'ya'yan masunta nan birjik a Tagwai, waɗanda ba za su toshe hanci in na dawo daga ruwa ba. Ta ce mutanen boko za su ɗora ni a kujera mai laushi ne su yi ta kallon ƙafata. A can gidan su Khairat kuma, Yaya Zikrullahi yana da wani abokin aikinsa mai mota da yake so ya shigar. Ni ko sunana ba ya kira, sai dai mai kifi. Na san Asabar ɗin nan ita ce za ta raba: ko a ba ni izinin zuwa zance, ko a ce kada a sake ganina a ƙofar shagon.

Ban ji tsoro ba, gaskiya. Na sa shaddata ruwan toka ta Sallah, na goge hannu da lemon tsami sau uku, na sa hular da babana ya bari. Inna duk da faɗanta ita ta zaɓo bandar kifi mafi kyau ta jera a kwali, ta ɗora sabbin ƙurungu a kai cikin leda. Ta gyara min wuyan riga, sai da na kai ƙofa ta ce kada in zauna a kujera sai an ce sau biyu.

Gidan yana bayan masallacin unguwa, da bishiyar gwaiba a tsakar gida da gidan sauro a shanye a igiya. Yaya Zikrullahi ya shigar da ni falo, yana sanye da farar jallabiya, makullin mota a hannu ko da yake ba fita zai yi ba. Na durƙusa na gaishe da mahaifiyarsu, Hajiya Aishat, tsohuwar malamar makaranta, doguwa, cikin atamfa shuɗiya da farin mayafi, tabarau na rataye a wuyanta. Na zauna a kan darduma. Falon cike yake da tiren tagulla na Bida, da mundaye na kwalba a cikin gilashi. A lungu akwai keken rubutu irin na da an rufe shi da leshi, a gefensa kuma kwalaye. Na saman a buɗe yake. Ruwan Baro ne sababbi fil, an ɗaure da igiya goma-goma. Na ce a raina, ashe Hajiya tana sayar da littattafai, sai na ji daɗi, na ga muna da abin hira.

Labulen ɗakin ciki ya motsa. Na ga gefen ƙafa da lalle, na san wadda ke bayansa.

Hajiya ta tambayi Inna, ta tambayi ruwa, ta yi godiyar kifi. Sannan ta sa tabarau, ta ɗauko wayar Khairat daga kan tebur, ta karanta saƙona na farko a fili, a hankali, kamar mai ba yara shifta. Ta ajiye. Ta jawo wani tsohon littafin rubutu mai jan bango, ta lashi yatsa ta buɗe, ta karanta magana ɗaya da waccan, sai dai da Wusa da kogi. Rubutun hannu ne, da wuraren da aka soke aka gyara.

"Malam Mudi," ta ce, "ni na rubuta wannan a kan teburin nan. Khairat ce ta buga shi a na'ura, sau uku, saboda gyara. Kakata 'yar Baro ce."

Masu karatu, ashe Hajiya ce Jikar Baro. Abin mamaki, kunya ta zo, amma wani abu ya riga ta. Shekara goma sha ɗaya ina son in ga matar nan in ce mata na gode. Ga ta a gabana, kuma a matsayin ɓarawo na zo.

Yaya Zikrullahi bai ɓata lokaci ba. Ya ce magana ta ƙare, mutumin da ko kalmar so sai ya sato ba shi da abin da zai riƙe mace da shi, ya ce wata biyu ana yi wa ƙanwarsa wasa da hankali. Daga bayan labule aka ce ai ita ba a yi mata wasa da hankali ba, tun saƙon farko ta sani, jira take ta ga ranar da littattafan za su ƙare. Ya ce ta yi shiru. Hajiya ta ɗaga hannu, duka suka yi shiru.

Ta tambaye ni ko na karanta su ne ko tsintar layi kawai na yi. Nan na samu ƙasa. Na ba ta labarin leburan da ya ba da wurinsa a jirgi, na gaya mata yadda munduwa ta biyu ta fashe, na faɗi sunan tsohuwar da ta gode wa a farkon Akawun Zungeru. Na ce mata da littafinta na iya karatu, kuma na Akawun bai kai sauran ba a wurina. Yaya ya yi tsaki. Ita kuwa ta ce ita ma haka take gani, a gaggauce ta gama shi shekarar da mijinta ya rasu.

Sai ta cire tabarau ta ce, "Kowa yabo yake kawo min. Kai da kake cikin ruwa, akwai abin da na yi ba daidai ba a Ruwan Baro?"

Na san amsar da za ta fi sauƙi. Amma na riga na yi mata ƙarya ɗaya, ban ga dalilin ƙara ta biyu ba.

"Akwai, Mama. Shafi na 143."

"Wanda ka sata?" in ji Yaya.

"Shi, Yaya."

Na ce mata Ndagi ba zai iya faɗin maganar nan a lokacin da ta ce ya faɗa ba. Yadda babana ya koya min, kuma yadda na ga masunta Nufawa da ke zuwa Tagwai suna yi, mai jefa birgi yana rataya igiya a hannu, ya tattara raga a hannu biyu, gefe ɗaya kuma ya cije shi da haƙori. Sai ya juya jiki ya saki, sannan ya buɗe baki. Idan ya yi magana kafin nan ragar za ta faɗa a dunƙule, idan ya makara kuma dalma ta tafi da haƙorinsa. Hajiya ta ce ba ta gane ba, in nuna mata. Na nemi izini na fita tsakar gida, na sauke gidan sauron nan daga igiya, na tattara shi yadda ake yi, na cije gefensa, da shaddata da hular babana. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce to, faɗi maganar.

Na gwada. Abin da ya fito ko akuya ba za ta amsa ba. Dariya ta ɓarke a bayan labule har da tari. Yaya ya juya fuska wajen gwaiba, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Na juya na saki, gidan sauron ya buɗe ya sauka a kan turmi daidai.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna, ta sake buɗe littafin mai jan bango. Ta ce sau biyu ta je Baro saboda labarin nan, ta zauna kwana shida da wani tsohon masunci, amma ya tsufa ba ya shiga ruwa, da baki ya ba ta komai. Ta ce haka take aikinta tun 1999, kunnenta take kaiwa wurin tsofaffi, ba ta taɓa tunanin ta kai idonta wurin matasa ba. Shekara biyu littafin yana kasuwa, babu wanda ya gaya mata.

"Ka san ba zai yiwu ba, kuma shi ka zaɓa ka aika wa 'yata?"

"Maganar tana da kyau, Mama. Wurin da aka sa ta ne ba daidai ba. Ni kuma in na ga Khairat kamar birgin yana bakina."

Ta tambaya, to in ba magana, masunci me zai yi wa yarinyar da ke wanki a gaɓa? Na ce zai tuƙa ya matso kusa, ya zaɓi kifin da ya fi kyau, in ƙurungu ne ya karya masa ƙaya don kada ya soke ta wajen gyarawa, ya ajiye a kwanonta ya wuce. Ita za ta gane.

Sai muryar Khairat ta fito a hankali, ba dariya a ciki yanzu.

"Mama, ki duba ledar da ya kawo."

Hajiya ta buɗe, ta juya kifin ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Khairat ta ce wata bakwai ke nan duk Juma'a haka suke zuwa, ita ta ɗauka haka Allah ya halicci ƙurungun Tagwai, ba ƙaya. Ni ban taɓa lissafa wannan a cikin saƙo ba. Aiki ne kawai, hannu ya saba.

Ban samu izini a ranar ba, kada in yi muku ƙarya. Yaya ya ce shi har yanzu bai ga abin da za a ci a gidan mai kifi ba in ruwa ya janye. Hajiya ta ce wannan tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinsa ne ya yi ta. Ni kuma ta ba ni sharaɗi ɗaya: kada in sake taɓa kalmarta. In aika wa Khairat saƙo ɗaya da bakina, ko ya yi kyau ko bai yi ba, daga nan za a san abin yi. Ta zaro sabon Ruwan Baro daga kwali ta ba ni, da jan biro, ta ce duk inda ruwa bai yarda da ita ba in ja layi.

Da na gaya wa Inna, abin da ta fara tambaya shi ne ko na zauna a kujera. Na ce ba a ce ko sau ɗaya ba. Ta ce to mutanen kirki ne.

Kwana uku ina fama. Ranar Talata da hantsi, ina zaune a kwale-kwale da yatsa ɗaure da tsumma, na rubuta wannan, ban gyara komai ba:

"Khairat yau na kama ƙurungu bakwai. Na karya wa shida ƙaya na bakwai ya soke ni saboda hankalina yana wurinki. Ban iya magana mai kyau ba. Amma duk abin da zai soke ki ina so ya fara bi ta hannuna. Mudi ne."

Azahar ta wuce ba amsa. Na kai wa Mama Esta kifi ban ko kalli shagon ba, wayar ma ban kai caji ba. Sai da na hau hanyar Tagwai ta yi ƙara a aljihu.

"Wannan ba ni na buga shi ba. Babu waƙafi ko ɗaya, kuma ba zan goge shi ba. Mama ta ce ranar Asabar da safe za mu zo dam, tana so ta ga birgi da idonta kafin a sake buga littafin. Yaya ya ce shi ma zai shiga kwale-kwalen, sai ya ga aikin da za a ciyar da ƙanwarsa da shi kafin ya ce e ko a'a. Bai iya ruwa ba, ko a wanka ba ya son ya kai masa kunne. Kada ka nuna ka sani."

Na tsaya a bakin hanya na karanta sau huɗu. Tun shekaranjiya nake toshe kwale-kwale da kwalta, na wanke shi, na aro rigar ruwa mai hana nutsewa guda ɗaya mai kyau. Inna ta tambaya wa zan sa wa, Hajiya ko Khairat. Na ce Yaya. Kuma a kusa da ni zai zauna, inda hannuna zai kai.